Bindigar Jirgi a Bakin Baba

Ban taɓa riƙe bindiga ba, ko ta harbin gafiya. Ni tela ce, a unguwar Maamobi cikin Ankara, birnin nan na bakin teku, na yi ɗinki har idona ya fara gajiya da zura zare. Amma in aka tsare ni yau aka ce in bayyana yadda ake kwance babbar bindigar da Turawa ke sa wa jirgin yaƙi a cikin fiffike, zan bayyana tiryan-tiryan, har da inda ake ɗiga mai da inda ba a ɗigawa. Mahaifina ne ya koya mini, a shekarun da ya daina sanin ko ni wace ce.

Baba mai gyaran keken ɗinki ne. Rumfarsa na bakin babban titin Nima, dab da inda motocin haya na tiro-tiro ke tsayawa, kuma duk telan da ke tsakanin Kanda da Kasuwar Malam Atta ya san ta. Mutum ne marar yawan magana, ga tsabtar hannu kamar mai shirin cin tuwon biki. Mun taso mun san ya yi aiki a Takoradi lokacin yaƙin duniya na biyu, iyakar abin da muka sani ke nan. Tsofaffin sojojin unguwarmu da suka je yaƙi ƙasar Bama kan zauna a ƙofar masallaci su yi ta cika baki, kowa ya kashe abokan gaba fiye da na kusa da shi. Baba sai ya gaishe su ya wuce. Shi ba soja ba ne, lebura ne a filin jirgi, kuma bai ga abin ba da labari a ciki ba.

Bayan rasuwar mahaifiyata, wajen ƙarshen shekarun tamanin, gigin tsufa ya fara shigarsa. Da fari sai ya manta wa ya kawo wane keke. Daga baya ya fito daga masallaci ya miƙe hanya, sai a Kanda aka tsinto shi yana tsaye a gaban gidan mutane yana sallama. Na rufe rumfar, na ɗauko shi na dawo da shi ɗakina a gidan hayarmu, na fitar da kekena baranda don in riƙa jin motsinsa. Ina gani salla ta fara zame masa. Mutumin da ya koya mini Fatiha sai ya ɗaga hannu ya yi kabbara, ya tsaya shiru yana kallon bango, ya juyo ya dube ni kamar ni na ɓoye masa sauran. Wata safiya na kai masa koko, ya karɓa da hannu biyu ya ce, "Na gode, baiwar Allah. Gidan wa ke nan?" Na koma baranda na zauna a gaban keke, na kasa taka shi.

Na yi kukan mantawa da ni da ya yi, na share hawaye, na haƙura. Abin da na kasa haƙura da shi daban ne. Tsorona shi ne ranar da ajali zai zo, kalmar shahada ta zame masa yadda Fatiha ta zame, ya tafi ba ita a bakinsa. Wannan tsoron na kwana da shi na tashi da shi har ƙarshen jinyar.

Filin jirgin Ankara ba shi da nisa da mu, jirage ta kanmu suke bi, har mun daina jin su. Ran nan da hantsi ina ɗinka wata riga, wani ya wuce ƙasa-ƙasa, kwanon rufi ya amsa. Sai na ji Baba daga ɗaki, da wata murya mai ƙarfi da na daɗe ban ji ba.

"Kai! An liƙe bakin bindigan?"

Na leƙa. Ni yake kallo, ido tar.

"Wace bindiga, Baba?"

"Na fiffike mana. Sabon zuwa ne kai? Zo nan."

Na ajiye almakashi na je na zauna a bakin katifa. Mutumin da ya yi watanni bai haɗa zance biyu ba ya yi mini bayani har aka kira azahar. Wai akwai ƙofofi a gaban fiffike inda bakin bindigogin ke leƙowa, kuma kafin jirgi ya tashi sai an liƙe su da ƙyalle, don kada ƙura da sanyi su shiga. Harsashin farko shi ke yaga ƙyallen. In jirgi ya sauka ka ga ƙyalle a yage, ba sai ka tambayi kowa ba, ka san aiki ya same ka. A ranar ya cinye abincinsa tas. Ni ba 'yarsa ba ce a wurinsa, abokin aiki ne sabon zuwa mai taurin kai, amma dai ni wani ne. Na karɓi wannan matsayi da hannu biyu.

Daga nan na riƙa tambaya, yana ba ni tarihin abin gutsure-gutsure, ni ke haɗawa. Jiragen a cikin manyan akwatunan katako suke zuwa ta teku, a Takoradi ake harhaɗa su. Bindigogin kuma su zo dumu-dumu da wani giris mai kauri, aikin Baba da abokansa shi ne su wanke su da kananzir har ƙarfe ya yi ƙyalli. Ya ce mutanen Amurka ne suka ƙera bindigar. Ƙaramar suka fara yi, mai cin harsashi irin na bindigar soja. Da jirage suka fara sa sulken ƙarfe, ƙaramin harsashi ya daina huda su, sai aka ɗauki ƙirar nan aka kumbura komai nata. Harsashin babbar kaurinsa ya kai babban yatsa, in ka haɗa da kwansonsa ya kusa tsawon tafin hannu. Duk sanda zai faɗi haka sai ya kama hannuna ya gwada, ya ce hannuna ƙarami ne, anya zan iya aikin nan.

"Yayanshi na ƙasa ya fi shi nauyi," in ji shi, yana nufin irinta da sojan ƙasa ke harbawa. "Bututun wancan kauri gare shi, wani ma da ruwa ake sanyaya shi. Na jirgi siriri ne. Iska ke mishi fifita."

Shi ya sa aka yi wa bututun riga ta ƙarfe mai huji-huji, irin cokalin tsamo ƙosai, iska na ratsawa. A sama ba ta damu ba. A ƙasa kuwa, in za a gwada ta, sai dai a ɗan taɓa a saki, in aka daɗe bututun ya yi ja ya lalace. Akan ɗaga wutsiyar jirgi a ɗora a kan jaki, a saita bindigogin dama da na hagu yadda harsasansu za su haɗu a wuri ɗaya can gaba, sannan a harba cikin tudun yashi. A nan Baba ya bar kunnensa na hagu. Ashe kurumtar da muka taso muna yi masa tsiya a kanta, muna cewa yana amfani da ita ne in mahaifiyarmu ta fara faɗa, a wurin gwajin nan ya samo ta.

Abin da ya fi burge shi game da bindigar shi ne ba wanda ke ɗana ta, ita ke ɗana kanta. Harbin da ta yi shi ke tura cikinta baya, ta zubar da kwanso ta ƙasa, ta jawo sabon harsashi daga jigidar da aka jera su, sifirin ya maido da ita gaba, ta sake. Matuƙi ba ya ko ganinta, maɓalli kawai yake dannawa, waya ta kai saƙo cikin fiffike. Da ya zo kan yadda take jan jigida taku ɗaya a kowane harbi, na ce masa ai haka haƙoran keke ke jan yadi. Ya dube ni ya yi murmushi ya ce, "Ashe kana da kai." Shekara da shekaru ina kai masa kekena gyara, bai taɓa yabon fahimtata ba sai ranar.

Akwai abin da ba ya yafewa, wato yawan mai. A cewarsa sabon lebura in ya ga ƙarfe sai ya yi ta shafa masa mai don a ce ya iya aiki. To can sama sanyi ne irin wanda mu ba mu sani ba, man sai ya daskare, bindiga ta ƙi tashi daidai lokacin da ran mutum ke kanta. Don haka ɗigo kaɗan, a goge. Sai kuma ɗaurin bututu. Ana murza shi har ya tsaya, sannan a dawo da shi baya a hankali ana sauraron ƙas, ƙas. In ya matse ba za ta harba ba, in ya yi sako-sako kwanso zai fashe a cikinta. Yakan karkata kunnensa mai ji, ya murza iska da yatsunsa, ya yi ƙas ɗin da harshe. Na taɓa tambayarsa ko bai damu ba da yake abin kashe mutane ne. Ya ce, "Mu wanki muke yi." Can kuma ya ce jiragen ta Legas suke bi, su sauka Kano, su wuce Maiduguri har Masar. Mahaifinsa ɗan Kano ne da fataucin goro ya kawo shi nan, shi kuwa Baba bai taɓa ganin garin ba. Bindigogin da ya wanke ne suka je.

Ba kowa ne ya ji daɗin wannan makaranta tamu ba. Lokacin sojoji ke mulki, ga tsoho a ɗaki yana ɗaga murya yana kiran jigida da harsashi. Mai gidan hayarmu ya same ni a bakin famfo yana waige-waige.

"Mepaco, don Allah, Anti Tela, ki rage ma tsoho murya. In wani ya kai magana, dukanmu za a kwasa."

Na ce masa in sojoji suka zo su kwashi tsohon da ba ya iya ɗaura zanensa, to su haɗa da kwanon fitsarinsa. Bai sake ba.

Gwaggo ce ban iya yi wa haka ba. Ƙanwar Baba ce, daga Nima take tahowa kullum da la'asar da carbinta da bakinta. Ran da ta tarar da mu ina tambayarsa yadda ake juya bindiga ta ci jigida ta hagu maimakon dama, ta ja ni waje.

"Ke, wannan abin da kina yi bai da kyau kuraa, ko kaɗan. Mutum yana bakin kabari, kina cika mishi baki da bindiga. Abin da mutum ya saba da shi, shi ke fita a ƙarshe. In ya tafi da wannan a baki, ke za a tambaya."

Na ji haushinta ƙwarai, kuma haushin ya fi zafi don ta faɗi abin da ni ma nake faɗa wa kaina. Na daina tambayarsa. Na aro rediyo mai kaset na sa masa karatun Alƙur'ani daga safe har yamma. Da safe yakan saurara lafiya. Amma akwai wani abu da ke zuwar masa da la'asar sakaliya, in inuwa ta fara tsawo a tsakar gida. Tsoro ne tsagwaronsa. Sai ya riƙa duban kusurwoyin ɗaki, yana tsinkar zaren bargo, jikinsa na ɓari, yana neman ƙofa. In na riƙe shi ya fizge, don bai san ni ba, a ganinsa wata baƙuwa ce ta tsare shi a gidan mutane. Na daure 'yan kwanaki ina kallon wannan. Ran da ya fashe da kuka irin na yara, na kashe rediyon na durƙusa na ce, "Maigida, wannan bututun na murza shi ya ƙi. Ya zan yi?" Kafin in rufe baki ɓarin ya tsaya. Ya share hanci da bayan hannu ya ce in kawo ya gani.

Sai na koma yin dabara. In ya gama bayani hankalinsa ya kwanta, in ce to an tashi aiki, mu yi addu'a, in ja masa kalmar shahada a hankali. Wata rana ya bi ni. Wata rana ya ce in bar surutu in goge man da na zuba. Da jiki ya ƙara ja baya, bin ma ya daina, aka yi watanni ban ji ta a bakinsa ba. Ya kuma daina fara magana da kansa, ko jirgi ya wuce ba ya ɗaga kai. Sai an tambaye shi yake buɗe baki, kuma tambaya ɗaya ce ke da amsa.

Da damina ciwon ƙirji ya kama shi. Mun kai shi asibiti, suka ba da magani, suka ce mu koma gida mu kula da shi, mun kuma gane abin da suke nufi. Wata safiya numfashinsa ya canza, Gwaggo ta aika aka kira limamin masallacinmu, dattijo mai sanyin magana wanda ya san Baba tun suna samari. Kafin ya shiga ɗakin ya tsaya da mu a baranda ya tuna mana yadda ake yi. Ba a ce wa mai gargara faɗi kaza, kada a ƙuntata masa. A kusa da kunnensa ake faɗin kalmar shahada a hankali har ya ɗauka. In ya faɗa, shi ke nan, kowa ya kama bakinsa, kada a ja shi da wani zance, don ita ta zama ƙarshen maganarsa. In ya yi maganar duniya bayanta, sai an sake daga farko. Yana faɗin haka bai dube ni ba, Gwaggo ce ta dube ni.

Liman ya zauna ta gefen kunnen dama. Ya yi ta maimaitawa, ba gaggawa, kamar mai lallashin yaro. Ni ina ta ƙafa, ina roƙon Allah a zuciyata abin da na yi shekaru ina roƙo. Rana ta ɗaga sosai, har na fara fid da rai, sai leɓen Baba ya motsa. La ilaha illallah. Ya faɗe ta a fili, kowa ya ji. Gwaggo ta toshe bakinta da mayafi, hawaye na zuba. Liman ya ɗaga tafin hannu, ya ɗora yatsa a leɓensa. Farin cikin da na ji a lokacin ban taɓa jin irinsa ba, ko ranar da na haihu.

Mun zaci tafiyar ta zo. Ba ta zo ba. Aka kira azahar, liman ya je ya dawo, Baba na nan yana numfashi. Aka kira la'asar. Ina zaune ina kallon hasken da ke shigowa ta ƙofa yana ja da baya, na san abin da ke tafe.

Ya zo kamar kullum. Idonsa ya buɗe ya fara zagaya ɗakin. Yatsunsa suka kama bargo suna tsinka. Ba shi da ƙarfin tashi, sai kansa da yake juyawa wajen ƙofa, ƙafafunsa na ɓari a ƙarƙashin hannuna. Ya dubi liman, bai san shi ba. Ya dubi ƙanwarsa, bai san ta ba. Ya dube ni ya daɗe. Ban ce ya gane 'yarsa ba, wannan ya wuce tuntuni. Amma ya san fuskar nan ita ce mai zuwa da tambaya in abu ya yi tsanani, kuma jira yake.

Tambayar tana kan harshena. Na san kalmominta, na san muryar da zan faɗe ta, na san kafin in rufe baki ɓarin zai tsaya. Na kuma san zai amsa, kuma amsar ba za ta zama gajera ba. Kalmar da aka sha wahalar safiya guda kafin a samu, bayan watanni ba ita, ba wanda zai ce mini za a sake samunta a bakin da ƙarfinsa ke ƙarewa. Gwaggo ta miƙo hannu ta damƙe gwiwata. Ba sai ta yi ba, ni ma na riga na yanke.

Na matsa na kama hannunsa, ya fizge da ɗan ƙarfin da ya rage masa. Na sake kamawa, ya sake fizgewa. Liman ya ci gaba da karatu ƙasa-ƙasa, amma karatun bai kai inda tsoron yake ba. A waje mata na daka, yara na rigima a kan ƙwallo, wani na kiran mai ruwa. Ni kuwa na cije leɓena har na ji gishirin jini. Hawaye ya gangaro masa ta gefen ido ya shiga kunne, bai daina kallona ba. Daga baya ya gaji da jira, ya mai da idonsa ƙofa. A haka ya cika, kafin magariba, bai ƙara cewa komai ba.

Na samu abin da na roƙa, kuma har gobe in aka maido ni ɗakin nan, shirun zan sake yi. Ina fatan ya tarar da kalmar tana jiransa. Sai dai wannan bai rage mini komai ba, zuciyata ta karye a yammacin nan kuma ba ta koma daidai ba. Washegari bayan an kai shi, mata suka cika tsakar gida, Gwaggo na tsakiya tana ba da labarin yadda ɗan'uwanta ya yi kyakkyawan ƙarshe. Duk wadda ta durƙusa gabana sai ta ce, "An ce ya samu kalma?" In ce ya samu. Ta ce kai, ya yi sa'a, Allah ya ba mu irin nashi. In ce amin. Babu wadda ta tambaye ni ko ya ji tsoro. Ya ji, ina zaune ina kallonsa.